Muna so mu buɗe jardan da gidan reno a harabar majami'a: ta ina za mu fara?

Tambaya daga wata shugabar zumuntar mata a wata ƙaramar ikilisiya a Maradi: "Muna da ɗaki guda da rumfar zana a harabar majami'armu, kuma in ba ranar Lahadi ba babu mai amfani da su. Mata da yawa a unguwa, namu da maƙwabtanmu Musulmi, suna fita kasuwa ko wurin aiki ba su da inda za su bar yara. Dattawa sun yarda mu buɗe jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, mu haɗa da renon jarirai. Yaran da aka yi mana maganarsu sun kai 60. Ta ina za mu fara, kuma me za mu kiyaye?"

Mama, sannu da wannan himma, Allah ya ƙara ƙarfi. Na daɗe a aikin koyar da ƙananan yara da horar da malamansu, saboda haka zan faɗa miki gaskiya ba kwana-kwana. Kada ku ɗauki yara 60. Buƙatar unguwa ba ta da iyaka, amma hannuwan da za su riƙe yaran suna da iyaka, kuma da su ake auna yawan waɗanda za a karɓa. A shekarar farko ku tsaya a 25, in ya yi yawa 30, duka ƴan shekara 3 zuwa 5. Jarirai ku dakata da su tukuna.

Na san wannan zai yi wa wasu mata zafi, don masu goyo su ne suka fi matsuwa. Amma jardan daban, reno daban. Dokar tsarin ilimi ta ƙasarmu ta 1998 ta sa jardan a matsayin matakin farko na ilimin tushe, inda ake shirya yaro kafin ya shiga CI, wato ajin farko na firamare. Ɗan shekara 4 yana magana, yana faɗin inda ke masa ciwo, yana zuwa bayi da ɗan taimako. Jaririn wata 8 kuwa sai an goya, an ba shi abinci a baki, an wanke shi, an kwantar da shi, an kuma zauna ana kallon numfashinsa. A ganina mace ɗaya ba za ta iya riƙe jarirai fiye da huɗu yadda ya kamata ba. Ki lissafa, jarirai 20 na neman mata biyar, da ɗakin kwana na kansu, da wurin wanki. Ɗaki guda ba zai ɗauki wannan ba. In kuma aka haɗa su da manyan, ƴan shekara 5 za su tattake masu rarrafe, ba da mugunta ba, don dai gudu ne aikinsu.

Sai maganar rumfa. A nan ba ni da sassauci ko kaɗan. Babu ɗan Maradi da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin garin nan, yara aƙalla 25 suka rasu. Watanni kaɗan kafin nan, a Afrilu na shekarar, irin wannan gobara ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas a Yamai, yawancinsu ƴan jardan. Bayan ta Maradi ne gwamnati ta hana sa yaran jardan a azuzuwan zana. Ko da ba a hana ba, ai mun ga abin da ya faru da idonmu. Zana busasshiya da iskar hunturu ba sa ba kowa lokacin tunani, ƙaramin yaro kuma in ya tsorata ba ya gudu waje, lungu yake nema ya ɓuya. Ku rushe rumfar nan. In kuna son inuwa a waje, ku kafa ta ƙarfe da kwano wadda ba ta da bango, ko ku yi amfani da gindin dogon yaro in akwai.

Ɗakin kansa ki duba shi da kyau. Ƙofa nawa gare shi? In ɗaya ce, a fasa ta biyu, kuma dukansu su riƙa buɗewa ta waje. Kada a taɓa sa kwaɗo ko sakata alhali yara na ciki, ko da malama za ta je ta dawo ne yanzu. Tagogi su kasance suna fuskantar juna don iska ta ratsa. In rufin kwano ne tsirara, a yi masa rufin ciki, domin a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, kuma ƙarƙashin kwano ya fi haka. Yaro ba ya jure zafi kamar babba, jikinsa yana saurin bushewa. A waɗannan watanni ku tashi da wuri, kafin rana ta take.

Akwai wani aiki da nake sa duk mai shirin buɗe jardan ta yi, ke ma ki yi shi da kanki. Wata safiya da babu kowa, ki shiga harabar ki durƙusa, ki bi ta lungu-lungu da idon ɗan shekara 3. Za ki ga abubuwan da kike wucewa kowace Lahadi ba ki lura ba. Duron ruwa da ba shi da murfi, wanda yaro zai leƙa kansa ya rinjaye shi. Kwalbar esansi ta injin wuta da aka ajiye bayan ƙofa, irin kwalbar da yake shan ruwa da ita a gida. Wayoyin lasifika da suka zube a ƙasa, da soket ɗin da ya fashe. Bencuna da aka jingina a bango, ɗaya bisa ɗaya, suna jiran mai hawa. Ramin bayi da aka yi don manya, wanda ƙafar yaro har cinya za ta shige. Maganin sauro da na ɓera a kan taga. Duk abin da kika gani ki rubuta, kuma kada a karɓi yaro ko ɗaya sai an gama da takardar nan. Bayin yara a yi musu nasu, mai ƙaramin baki, kusa da ɗaki inda malama za ta iya hango ƙofarsa.

Harabar majami'a kuma tana da nata sha'ani da makarantar gari ba ta da shi. Ana jana'iza ranar Talata, ana ɗaurin aure, mawaƙa na gwaji, masu neman fasto na shiga da fita, ƙofa a buɗe. Ku zauna da dattawa tun yanzu a yanke magana: a lokacin makaranta, ɓangaren yara na yara ne. In da hali a ja ɗan shinge da ƙofarsa. In taro ya zama dole, a san yadda za a yi tun daren jiya, ba sai baƙi sun cika wuri ba.

Ƙofa ita ce wurin da na fi jin tsoro a kowace makarantar yara, musamman lokacin tashi. Ƴan kabu-kabu sun yi cirko-cirko, iyaye na sauri, yara na ta ihu, kowa na miƙa hannu yana kiran suna. A cikin wannan hayaniya ne yaro ke sulalewa ya bi titi, ko wani ya tafi da shi. Ranar rajista a rubuta sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki kowane yaro, da lambar wayar uwa da ta uba. Wanda ba ya cikin takarda ba a ba shi, ko da yaron ya ruga ya rungume shi yana kiran Kawu, sai an kira gida an ji. Ki tambaya cikin hikima ko iyayen suna tare, domin in aure ya mutu rigimar wa zai riƙe yaro takan biyo shi har ƙofar makaranta. Kada kuma ku saki ɗan shekara 3 a hannun yayarsa ƴar shekara 7 ta tsallaka babban titi da shi. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa da littafi, yaro ya fita a sa alama. Malama ba ta tafiya gida sai na ƙarshe ya tafi.

Yanzu ga batun da na san yana ranki ko da ba ki fito da shi sosai ba, wato ƴaƴan maƙwabta Musulmi. A garin nan, in kuka yi aiki mai kyau, su ne za su fi yawa a ajin, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Makarantun mishan na Katolika a Nijar sun daɗe suna cike da ƴaƴan Musulmi. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950, da cibiyar lafiya ta Danja da ke nan kusa da mu, mutane na zuwa can daga ko'ina ba tare da tambayar addinin mai magani ba. Abin da ya jawo haka shi ne an san abin da za a tarar, kuma ba a yaudari kowa ba. Ku ma haka za ku yi.

Ku zauna a ikilisiya ku yanke shawara a kan abin da za a yi na addini a cikin aji, sa'an nan ku faɗa wa kowane uba da kowace uwa ranar rajista, baki da baki, da Hausa, kuma a rubuce. In za a yi addu'ar safe, a ce za a yi, a faɗi kalmominta. In za a ba da labaran Littafi Mai Tsarki, a faɗi ranar da lokacin, a kuma bar wa iyaye zaɓi, yaron da ba a yarda ya zauna ba a ba shi wani aiki tare da mataimakiya, ba tare da an sa ya ji kamar an kore shi ba. Shawarata ita ce ku bar koyarwar bangaskiya ga makarantar Lahadi, a ranakun mako ku tsaya kan abin da kowane gida ke so: gaskiya, gaisuwa, girmama manya, tausayi, tsabta, raba abu da ɗan'uwa. Ɗan shekara 4 ba ya ɓoye komai. Duk waƙar da ya koya da safe, da yamma zai rera ta a tsakar gida gaban kakarsa. In abin da ya rera ya saɓa wa abin da kuka faɗa wa ubansa, ba yaro ɗaya kuka rasa ba, unguwa kuka rasa, kuma maganar za ta shafi dukan ikilisiya. Idan wani cikin dattawa yana ganin jardan ɗin a matsayin hanyar jawo ƴaƴan mutane a ɓoye, ki gaya masa da ladabi cewa wannan cin amana ne, kuma bai dace da sunan da muke ɗauke da shi ba. Shaidarku ita ce uwa ta dawo daga kasuwa ta tarar da ɗanta a ƙoshe, da tsabta, cikin fara'a.

Ƙananan abubuwa ma suna da nauyi. Yarinya ta zo da ɗan hijabinta, a bar ta. Ranar Juma'a a tashi da wuri. Nama a saya wurin mahautan kasuwa da kowa ya sani. Ku tuna yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma, kada ku riƙe su har su gaji. Kafin ku buɗe, fasto da dattawa biyu su je su gai da mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, su faɗa musu abin da ake shiri. In kuka samu mace Musulma mai hankali da son yara, ku ɗauke ta aiki cikin masu kula da su, kuma a sa iyaye Musulmi cikin kwamitin makaranta.

Malamai su ne makarantar. Kada a ba wata aikin don kawai gwauruwa ce mai buƙata ko ƴar wani dattijo ce da ke zaune a gida. Taimako daban, riƙon ƴaƴan mutane daban. Ku nemi mai haƙuri wadda za ta iya zama a tabarma tare da yara, in an samu mai takardar koyarwa ya fi, ku kuma tura ta ta yi makonni tana kallon aiki a wani jardan da ya daɗe. Kullum manya biyu a aji, ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya a ɗaki a rufe, mace ce ko namiji, fasto ne ko mai gadi. Bulala kuma babu ita. Yaron da ake duka a wannan shekaru ba ya koyon komai sai yin shiru, kuma yaron da ya saba yin shiru ba zai faɗa ba ranar da wani ya cuce shi.

Ki yi lissafin kuɗi tun kafin a buga takardar talla. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, wato CFA dubu 42. A ce yara 30 ne, kowa na biyan jika 3, kin tara jika 90. Malama da mataimakiya sun ɗauki 84. Saura 6, ga ruwa, ga sabulu, ga alli, ga gyara, ba a yi maganar mai gadi da kuɗin CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba. Iyaye kuma wata tara suke biya, daga Oktoba zuwa Yuni, malama kuwa tana cin abinci har da damina. Kuma ba kowa zai biya a kan lokaci ba. Wannan ya nuna miki abu biyu. Jardan ba zai kawo wa ikilisiya riba ba, duk wanda ya sa ran haka a cire masa tun yau. Sa'an nan dole ikilisiya ta ɗauki wani kaso a wuyanta, a rubuce, kowane wata. Kada ku dogara da masu aikin sa kai, suna zuwa da zafinsu a watan farko, kafin Kirsimeti an nemi rabinsu an rasa. Asusun makaranta ya zama daban da na baiko, da mutum biyu masu sa hannu, kowane biya da rasiɗi. Marayu da waɗanda ba su da hali, a yanke yawansu tun farko, a san wanda ya ɗauki nauyinsu. In lissafi ya ƙi fita, ku jinkirta shekara guda. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ta fannin lafiya, ranar rajista ki nemi takardar haihuwa da karnen rigakafi. Wanda ba shi da takardar haihuwa ku nuna wa iyayensa hanyar ofishin magajin gari, domin zai buƙace ta a lakwal. A karne ki duba musamman allurar ƙyanda da ake yi a wata 9, don ƙyanda in ta shiga aji ɗaya ba ta tsayawa kan yaro ɗaya. Kuna buɗewa ne a Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke kan ganiyarta. Ki tambayi iyaye ko yaro ya sha maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida kowane wata da damina ga ƴan wata 3 zuwa 59, kuma ko an ƙarasa masa kwana ukun da ake shan sa. Malama ta koyi lura. Yaron da jiya ya hana kowa sakat, yau ya zauna a kusurwa ya jingina kai da bango, bai taɓa ƙosansa ba, a taɓa goshinsa nan take. In da zazzaɓi a kira uwa a wuce likita, kada a ba shi wani ƙwaya daga jakar malama. Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, ku san CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta gwamnati, mafi kusa da ku, ku je ku gabatar da kanku tun kafin buƙata ta taso. Suma, sanƙarewar wuya a lokacin hunturu da bazara, gudawa da ta sa ido ya faɗa, waɗannan ba a jiran uwa, a ɗauka a tafi ana kiranta a hanya.

Ki roƙi ma'aikatan CSI su koya wa malamanku awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a tura yaro likita ranar. Jiharmu tana noma, amma tamowa ba baƙuwa ba ce a cikinta. Saboda haka in za ku iya abu ɗaya na ciyarwa, ku yi kunun gero da gyaɗa da hantsi, kowa da kofinsa. Wasu yaran shi ne abin da zai fara shiga cikinsu. Wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan bayi ya zama kamar waƙa, a jere, kullum.

Abin da za a koyar ba shi da wuya, sai dai za ku sha matsi daga iyaye. Uba zai zo bayan wata biyu ya ce bai ga komai a littafi ba, ɗan maƙwabcinsa yana ƙirga har ɗari da Faransanci. Ki yi masa bayani da haƙuri cewa haddar abin da ba a gane ba ba ilimi ba ce. Ɗan jardan yana koyo da hannu da ƙafa da baki: tatsuniya da kacici-kacici, waƙa da tafi, gini da laka, zane a rairayi kafin a ba shi allo da alli, ware ƙwallayen goruba manya da ƙanana, ƙirga awaki a hoto. Kada zama ɗaya ya wuce minti 15 ko 20. A yi komai da Hausa, harshen da yake tunani da shi. Ƙasarmu ta fara gwada koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma malaman da suka yi aiki a irin waɗannan azuzuwa sun san yadda yaro ke buɗe baki in an yi masa magana da harshen gidansu. Faransanci ya shigo ta baki a hankali, gaisuwa, sunayen launi da sassan jiki, gajerun waƙoƙi, ya ƙaru a shekarar ƙarshe. Yaron da ya iya sauraro, ya iya riƙe alli, ya iya jiran layinsa, ya iya ba da labari daga farko har ƙarshe, ya shirya wa CI.

Takardun izini kada ku raina su. Makaranta mai zaman kanta, ko ta ikilisiya ce, tana ƙarƙashin dokar makarantu masu zaman kansu ta 1996, kuma ana neman izinin kafawa da na buɗewa daga ma'aikatar ilimi. Ku fara da ofishin masu duba makarantun jardan da hukumar ilimi ta jiha a nan Maradi, su ba ku jerin abin da ake buƙata a yanzu, su zo su ga wurin. Ku sanar da shugabannin ɗarikarku ma, domin takardun fili da sunan da za a yi rajista da shi yawanci a hannunsu suke. Wannan yana cin watanni, don haka in kuna son buɗewa a Oktoba, a fara zirga-zirga tun farkon shekara, gyaran ɗaki kuma a gama shi kafin ruwa ya sauka.

Su kuma masu goyo, kada ku sallame su hannu wofi. Ku rubuta sunayensu, ku gaya musu za a sake duba maganar bayan shekara guda. In a lokacin albashi bai taɓa makara ba, an samu ɗaki na biyu mai gidajen sauro da wurin wanki, an kuma samu mata biyu da aka horar, sai ku fara da yara takwas ƴan shekara 2, waɗanda aka riga aka yaye.